Ƙofar da Mama Za Ta Gane

Lahadi, 6 ga Oktoba, 1991

Yau ma Mama ta shiga gidan mutane. Ta riga mu fitowa daga coci don ba ta son surutun bayan sujada, ni da Alice muka iso gida babu ita. Can sai ga Hajiya Zuhra riƙe da hannunta, matar ma'aikacin nan da suka taso daga Legas suka kama haya gida na uku daga namu. Wai ta same ta a tsakar ɗakinsu tana laluben tulu, tana faɗa an kwashe mata kaya. Hajiya tana dariya tana cewa ba komai. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mama ko a jikinta. Cewa ta yi laifin wanda ya gina gidaje kamar ƙwan kaza ne. Kuma gaskiyarta. Tun da aka tashe mu daga ƙauye bara aka kawo mu Kubwa, layi ɗaya, fenti ɗaya, ƙofar filawud iri ɗaya mai santsi. Mai ido ma sai ya duba lamba. Ita kuwa idon ya tafi, haske da duhu kawai take bambantawa, likita ya ce ba gyara.

Ni har yau bakina bai iya ce wa wurin nan gida ba. Lamba ce.

Asabar, 12 ga Oktoba

Yaya Clara ta zo daga Kaduna. Alice ce ta tsegunta mata, na sani, ko da yake matar tawa ta rantse ba ita ba ce. Yaya ta zauna da jaka a cinya kamar mai jiran mota, ta jero mini: yau gidan maƙwabta, gobe kwalbati, jibi gaban tifa. Ni ina shago a Garki tun sassafe, Alice tana makaranta tana koyarwa, wa ke kallon tsohuwa? Ta ce in Kirsimeti ta zo abin bai canza ba, za ta tafi da ita.

Ba zan ce ƙarya take yi ba. Nas ce, ta ga abin da ban gani ba. Amma ɗakinta a bene yake. Macen da duk rayuwarta ƙafarta na kan ƙasa, a ɗora ta sama a rufe, a ce an kula da ita?

Mama tana ciki, duk ta ji. Da Yaya ta shiga yi mata ban kwana sai ta juya fuska bango. Da yamma ta ce mini da yarenmu, in an kai ta Kaduna to gawarta aka kai. Na zagaya bayan gida na zauna kusa da tsohuwar ƙofarmu ta ƙauye, wadda ta tilasta aka ɗoro a mota ranar tashi. Tana nan jingine da bango, kaji sun mayar da ƙarƙashinta ɗakinsu.

Talata, 15 ga Oktoba

Oga Thaddeus ya dawo daga Legas da sabon inji, rauta. Ya samu aikin ƙofofin gidajen manyan da za su taso a Disamba, kuma su ba sa son ƙofa sumul, mai fanal suke so: firam a kewaye, a tsakiya alluna masu tudu, gefensu a gangare. Da can da hannu muke sassaƙa irin wannan, ƙofa ɗaya ta cinye mana mako. Yanzu an kife injin a ƙarƙashin tebur, haƙorinsa ya leƙo sama yana juyi, kai dai tura katako.

Haƙoran suna cikin akwati mai jan ƙyalle kamar kayan lefe. Biyu mata da miji ne: ɗaya yana yanka tsagi da ado a cikin firam, ɗayan yana cin kan katakon da zai shiga, su haɗu ko iska ba ta wucewa. Sauran na fanal ne. Akwai mai gangare miƙe, akwai mai kwari kamar cikin cokali, akwai mai lanƙwasa biyu kamar wuyan agwagwa. Babban cikinsu ya kai marfin kofin silba. Oga ya ce duk wanda ya kunna wannan a guje, ya fara yi wa yatsunsa ban kwana. Ya ce ni zan riƙe injin, don ba na hira in ina aiki. Na ji daɗi, ban nuna ba.

A bas ina dawowa wani tunani ya faɗo mini. Ƙofar da babu irinta a layinmu. Wadda hannu zai gane ko ido bai gani ba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Oga ya yarda in yi nawa aikin ranar Asabar bayan an tashi, muddin ban karya masa haƙori ba. Yau na gwada a kan guntaye. Kai, abin ba wasa ba ne. Da farko na so in cinye gangaren duka a tura ɗaya, injin ya yi kuka, katakon ya yi baƙi yana warin ƙonannen tuwo. Oga ya leƙo ya ce, “Philip, yunwa kake ji? Ba shi kaɗan-kaɗan mana.”

Ashe sai a ɗaga haƙorin ɗan ƙanƙane, a wuce, a ƙara ɗagawa, a sake wucewa, na ƙarshe kamar aski. Kuma kan katako ake fara ci, inda jijiya ta ƙare, don nan yake tsagewa. In an bi tsawon daga baya sai ya share ɓarnar. Na dawo da garin katako har cikin kunne. Alice ta ce na yi kama da wanda aka tono.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Na kawo wa Mama guntaye uku, kowanne da irin gefensa, na ce ta zaɓa. Ta daɗe tana shafawa, ta kai hanci ta shinshina. Mai cokali ta ce zai tara datti. Mai wuyan agwagwa ta ce wannan na masu takalmi ne. Ta riƙe mai gangare miƙe. Sai ta tambaya wane itace ne, na ce iroko daga kudu. Ta ajiye a ƙasa. Wai itacen da bai san ta ba, ta yaya ita za ta san shi?

Sai na ce to tsohuwar ƙofar fa? Gajera ce, ba za ta cika bakin ɗakin nan ba. Amma sai in yi firam da iroko, allunan tsakiya kuma da madacin Baba. Ta ce Baba Yamusa da kansa ya sare madacin nan shekarar da ya kawo ta gidan, shi da ƙannensa suka yi ta jan zarto har hannunsu ya sale. Na ɗauka hanawa za ta yi. Sai ta ce in dai ƙofar za ta sake tsayawa a bakin ɗaki, ba kaji su yi ta kashi a kanta ba, in ɗauka.

Ni kafinta ne, amma ko ƙusa ɗaya ban buga a bangon gidan nan ba tun da muka zo. Rigunana a kan igiya suke. Wannan don Mama zan yi, ba don gidan ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na ɓalle tsohuwar ƙofa. Falanki uku ne masu faɗi. Ɗaya gara ta gama da shi, ana taɓawa yana zuba. Saura biyu. Na yini ina farautar ƙusoshi, don Oga ya ce in guda ta ɓuya a ciki, bakin haƙorin zai tashi kamar harsashi. Irin na maƙera ne, masu katon kai, tsatsa ta riƙe su gam. Falanki biyu ke nan gare ni, babu na uku, kuma babu kasuwar da zan je in sayo.

Alice ba ta jin daɗi da safe kwanan nan. Ta ce ƙosan makaranta ne. Mama ta yi wata dariya ƙasa-ƙasa, ban san ta mece ce ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na gama allo na farko. Wallahi ya yi kyau! Na sa shi a injin kankare katako ya ɗauke baƙin saman nan, duk tabo da karce da daudar shekaru suka tafi, jan madaci ya fito ɗanye shar. Na ɗaura babban haƙori, na rage gudu, na bi kaɗan-kaɗan yadda aka koya mini. Ko tsaga ɗaya babu. Na bi shi da samfefa har ya yi santsi kamar kumatun jariri. Oga ya ɗaga shi a haske ya ce ko gidan babban sakatare aka kai wannan ba za a mayar ba.

Na rungumo shi a bas tun daga Garki, kwandasta yana ta mita. Na ɓoye a bayan gado, sai gobe.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na ɗora mata a cinya bayan mun ci abincin rana. Ta shafa gefe, ta shafa tsakiya. Sai yatsunta suka tafi can kusurwar sama suna nema. Suka dawo. Suka sake komawa. Ta juya allon ta nema a baya.

“Ina yaran?” in ji ta.

Ban gane ba. Ta ce duk haihuwa Baba yakan ɗauki wuƙarsa ya yi tsaga ɗaya a kusurwar ƙofa. Biyar ne. Clara, da ni, da uku da ba su zauna ba, biyu kafin Clara, ɗaya tsakaninmu. Kaburburansu suna ƙauye, inda yanzu ake shimfiɗa titi. Kullum da safe in za ta fita takan taɓa su. Ko a nan Kubwa, bayan gida take zagayawa.

Na ga tsagogin nan. Da idona na gan su kafin in tura allon cikin inji. Na ɗauka akuya ce, ko mu muka yi da ƙuruciya. Ta ƙofar nan na yi rarrafe, ta ƙofar nan na fita na yi aure.

Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Ta miƙo mini allon ta ce ya yi santsi, ta goge tafinta a zane.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Garin neman gira. Sauran karin maganar ba ya faɗuwa a gidan nan.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Na ce wa Alice na fasa. Gara Yaya ta zo ta tafi da ita, ni ɓarna kawai na iya. Alice ta ce in daina jin tausayin kaina, ba ni aka yi wa rashi ba. Ta ce saura falanki ɗaya, kuma wannan karon in tambayi mai shi kafin in taɓa. Matar nan bakinta reza ne, amma ba ta yanka inda babu ƙurji.

Mama ta sake faɗawa gidan Hajiya Zuhra yau. Wannan karon Hajiya ba ta yi saurin dawo da ita ba, ta zaunar da ita ta ba ta kunu, suka yi ta ɓarar gyaɗa har la'asar. Hajiya ta gaya wa Alice ita ma ba ta san kowa a nan ba, maigidanta ya fita tun sassafe sai magariba, bango kawai take kallo.

Da safe na ji Mama ta zagaya bayan gida kamar yadda ta saba. Ta daɗe a can, wurin da ƙofar take a da. Na ja mayafi na rufe kaina.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Na jingine falanki na ƙarshe a bango, tsaye yadda yake a da, na ce Mama ta nuna mini abin da ke jikinsa, duka, kada ta bar komai. Na zaci hannu za ta miƙa. Sai ta gyara tsayuwa, ta ɗaga hannun dama kan kafaɗa kamar mai tallafe da kaya, ta karkata, ta tura falankin da gwiwar hannun hagu. Gwiwar ta nemi wani ɗan kwari da ban taɓa lura da shi ba, ta ɗan yi ɗage, ta zauna a ciki cif.

Ai kuwa. Matanmu na Gbagyi ba sa ɗora kaya a kai, a kafaɗa suke ɗauka, sun ce kai nauyin tunani ya ishe shi. Mace ta dawo daga gona, hannu ɗaya yana sama riƙe da itace, ɗayan riƙe da fartanya ko hannun yaro, da me za ta buɗe ƙofa? Tun tana amarya gwiwar Mama ke cin wurin nan, har ya lotsa ya yi baƙi yana ƙyalli.

Na sa yatsa a ciki. Ina son tsohuwar nan, ban san yadda ake gaya mata ba.

Matsalar ita ce kwarin yana dab da gefe, faɗin babban yatsa da ɗan ƙari daga baki. In na sa babban haƙori zai cinye masa kunne.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Na zube haƙoran duka a tebur na auna faɗin cin kowanne da tef. Babban yana cin inci ɗaya da rabi. A ƙasan akwatin akwai wani ƙarami mai gangare miƙe, wanda ba mu taɓa ɗaurawa ba don na ƙofar kabad ne. Cinsa bai kai inci ba. Shi ne.

Oga bai so ba. Ya ce ƙaramin gangare a ƙofar gida kamar ƙaton mutum ne da hular yaro. Ya ce allon sama da na ƙasa ba za su yi kama ba. Ya ce kuma in ban kankare falankin ba ya yi kauri, bakinsa ba zai shiga tsagi ba. Na ce zan rage shi ta baya, inda ba wanda zai taɓa. Fuskar kuwa ko samfefa ba za ta gani ba. Ya dubi baƙin falankin nan ya girgiza kai, wai mutane za su ce kafintan Thaddeus bai iya gama aiki ba.

Sai na ba shi labarin tsaga biyar. Ban yi niyya ba, fitowa ya yi. Ya ɗauki ƙaramin haƙorin, ya gwada bakinsa da farce, ya wanke shi da kananzir da kansa ya miƙo mini. Yana goge hannu ya ce rabonsa da tasa mahaifiyar tun Ista ta bara.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Firam ya kammala. Mata da mijin nan sai an yi hankali da su: in ka daidaita tsayin ɗaya, ka gwada a guntu, ka ga sun haɗu da ɗayan, kada ka ƙara taɓa komai har ka gama. Na ɓata guntaye da yawa kafin su yarda da juna.

Kafin in yanka na tsayar da Mama a bakin ƙofa na auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunta, don kwarin ya zo daidai inda take yanzu. Ashe ɗagen da ta yi rannan ba banza ba ne. Ta rage tsawo kusan faɗin tafi. Hannunta da na riƙe ba nauyi, kamar karan dawa. Wannan hannun ne ya ɗauke mu duka.

Tana jin tef a jikinta ta ce, “Akwati kake auna mini?”

Na ce haba Mama. Ta yi ta dariya har da tari. Ni ban iya ba.

Asabar, 7 ga Disamba

Na yanka. Ban taɓa jin tsoron katako ba sai yau. Na fara rage bayan, sannan na kife fuskar a kan tebur bayan na shafe shi tas don kada ko tsakuwa ta karce ta. Kai da kai, sannan tsawo, kaɗan-kaɗan. Gefen da kwarin yake na bar shi ƙarshe. Ina tsakiyar tura na biyu aka ɗauke wuta. Na janye allon na zauna a kan benci har aka dawo da ita. Gangaren ya tsaya kafin kwarin da faɗin ƙwayar masara. Na gode Allah a fili, Oga ya ce amin daga can ciki.

Wajen haɗawa na ɗauko gam zan shafa a tsagi, Oga ya riƙe hannuna. Ya ce firam ake mannewa, allo ba a sa masa gam. Katako yana kumbura da damina, yana motsewa da rani. In ka ɗaure shi ta ko'ina don kada ya motsa, shi ke nan zai tsage. A bar masa ɗan wuri a cikin tsagi, ya riƙe shi amma kada ya matse shi.

Na tuna benen Yaya.

Alhamis, 12 ga Disamba

Yau gwamnati ta tare a Abuja. An rufe shago, kowa ya tafi kallo, motoci cike da tutoci tun safe, jirage suna ta wucewa a sama. A ƙasarmu ake bikin, ba wanda ya tambaye mu ko muna lafiya. Oho. Ni ina da nawa aikin.

Alice ta kai Mama gidan Hajiya, na cire ƙofar filawud na kafa sabuwa. Sai da na huda bango, na sa hinji uku. Jan allo mai santsi a sama, baƙin a ƙasa. Gaskiyar Oga, ba su yi kama ba, kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Da la'asar muka ce wa Hajiya ta sake ta, kada kowa ya yi magana. Ta fito da sandarta, hannu a bango. Ta taɓa ƙofar maƙwabcinmu, ta wuce. Ta iso tamu, yatsunta suka faɗa gangaren suka tsaya. Suka bi shi ƙasa. Sai ta karkata, ta kai gwiwar hannu. Ƙofa ta buɗe.

Ta shiga. Ta fito, ta ja ta rufe, ta sake turawa ta shiga. Alice tana share hawaye da gefen ɗankwali. Abin da Mama ta ce kawai shi ne hinjin nan munafuki ne, ba ya kuka, ƙofar ƙauye tana gaya mata wanda ya shigo.

Laraba, 18 ga Disamba

Tun ranar ba ta ɓata ba. Na hana kaina murna sai Yaya ta gani.

Alhamis, 26 ga Disamba

Yaya Clara ta iso jajiberen Kirsimeti da babbar jaka babu komai a ciki. Duk mun san ta mece ce. Ta dubi ƙofar ta ce ta yi kyau, amma ƙofa ba ido ba ce.

Jiya bayan sujadar Kirsimeti Mama ta yi gaba kamar kullum. Yaya ta ce mu bi ta a baya shiru. Muka bi. Ta shigo layinmu, hannu a bango, tana tafe a hankali. Da ta iso gidan Hajiya Zuhra sai ta tsaya, ta shafa ƙofar, ta tura ta shige.

Yaya ta juyo ta dube ni, ba da mugunta ba, da tausayi, wanda ya fi ciwo. Sai muka ji muryar Mama daga ciki da Hausarta ta kasuwa: “Hajiya, ka zo ka ci shinkafa, yau namu ne. Kada ka ce mini kunya.”

Ta fito, ta wuce ƙofa ta gaba ko tsayawa ba ta yi ba, ta iso tamu, gwiwar hannu, ta shige.

Yaya ta daɗe tsaye a bakin ƙofar. Idonta ya tafi kusurwar jan allon, ta tambaye ni ina tsagogin Baba. Ashe ita ta sani, tana da wayo lokacin da aka binne na tsakaninmu. Na gaya mata gaskiya. Ta ce, “Philip, kai wane irin mutum ne?” Na sunkuyar da kai, na cancanta.

Mama ta amsa daga ciki. Ta ce a ƙyale ni, yaranta suna nan a yatsunta, ba inji da zai kankare su. “Wancan allon kuwa sharar gona aka yi,” in ji ta. “Mai shuka yana zuwa.”

Can sai na ga Yaya ta karkata, ta kai gwiwar hannunta cikin kwarin, sai da ta ɗan rusuna. Ita ma ta ɗebi ruwa a kafaɗa kafin a sa ta makaranta. Ta tsaya a haka tana kuka ba sauti, ni kuma na tafi duba kaji.

Yau da safe ta koma Kaduna. Jakar an cika ta da doya. Ta ce sai Ista za ta sake dubawa, kuma in sa wa tsohuwa ƙarfen riƙewa a bakin kwalbati. Na ce to, Yaya.

Talata, 21 ga Janairu, 1992

Asibiti sun tabbatar wa Alice. Ba ƙosan makaranta ba ne. Wajen ƙarshen Yuni, in Allah ya kai mu. Da aka gaya wa Mama ta ce ita tun Nuwamba ta ji a tafiyarta, mu masu ido ne ba ma gani.

Rani ya kama sosai, allunan sun motse, in an tura ƙofar suna ɗan ƙara a cikin tsagi. Ba su tsage ba. Mama ta ce yanzu ƙofar ta fara magana.

Na buga ƙusoshi a bangon ɗaki na rataye riguna. Igiyar ce ta tsinke, ba wani abu ba.

Shekaranjiya na tarar da wuƙar Baba a kan matashina, naɗe cikin tsumma. Ba wanda ya ce shi ya ajiye, ban kuma tambaya ba. Ta yi tsatsa, ai ba a barin ƙarfe haka, sai na wasa ta. Da zan fita aiki yau na ɗan tsaya na taɓa kusurwar jan allon, can sama inda yake sumul. Dubawa kawai na yi ko man ƙyallin katakon ya kama.

Madaci ne. Zai karɓi wuƙa.